Hoton Kakarki a Kan Allo

Rhoda,

Na tafi Wushishi, motar safe ba ta jira. Kina barci, ban tashe ki ba.

Na ga allon yadin ado da kike haɗa mini na kyautar Kirsimeti, da fentinsa da leshi da maɓallai. Amma wa ya ce ki ɗauko hoton kakarki Alisabatu daga Baibul ɗina ki shafa masa gam? Shi kaɗai gare mu. Wanda ya mutu ba ya buƙatar kwalliya.

Na sa wuƙa in ɓamɓare shi, gam ɗin ya fi ƙarfina. Fuskar ta yage, rabi ya bi wuƙa. Garin neman gira an rasa ido. Ke kika manna, ni na yaga, ba zan ɗora miki duka ba.

Guntayen suna cikin kofi a kan tebur, kada ki zubar. Ki duba wayarki, ko kin ɗauki hotonsa da ita kafin ki manna. In yana ciki, ki kai wa masu hoto a Tunga a wanke. In babu, kada ki faɗa mini yau.

Kakanki,
Gaiya