Ƙorafi Kan Ruwan da Aka Zuba wa Zanen Uwaliya

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Ilimi
Daga: Malam Maccido Mu'azu, malamin aji shida, Firamaren Gidan Sodangi, ta Giyawa
Kwanan wata: 20 ga Fabrairu, 2017

Game da: Ƙwace hotunan koyarwa da ɓata zanen ɗaliba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Kamar yadda ka sani, ƙauyenmu yana can wutsiyar magudanar ruwan dam ɗin Goronyo. Muna da magudana, muna da alƙawari, ruwa ne kawai ba mu gani ba rani uku. Matanmu ke tafiya neman sa da jarka.

1. A watan Janairu wani tsohon ɗalibina, Jelani, da ke karatu a Iran, ya aiko mini hotuna shida na zanen wasu matan ƙasar. Sun zana mata tsaye da tuluna a bakin tafkin da ya ƙafe. Na nuna wa yara.

2. Uwaliya Sale, mai shekara goma sha biyu, ta ce ai waɗannan su innarta ne. Ta yi mako biyu tana zana mahaifiyarta, Hassana, a cikin busasshiyar magudanarmu, da jarka biyu da goyo. Na manna zanen a bango.

3. Ranar Talata, 7 ga Fabrairu, mai duba makarantu, Malam Yusha'u, ya ziyarce mu. Da jin sunan Iran ya gane cewa aƙida nake cusa wa yara, ya sa hotunan a jakarsa. Na yi shekara ashirin da shida ina koyarwa ban san tulu yana da mazhaba ba. Na gode da ƙarin ilimi.

4. Ya kuma ce zanen Uwaliya ɓata sunan yanki ne, ya umarce ta ta cika magudanar da ta zana da ruwa. Ta tambaye shi cikin ladabi, da mi za ta cika ta. Sai ya ɗauki shuɗin alli ya cika da hannunsa. Ranka ya daɗe, abin da ya gagari injiniyoyi rani uku, jami'inka ya gama shi cikin minti biyu. Masu albasa suna roƙon a turo shi gonakinsu da allin. Sai dai yanzu Hassana tana tsaye cikin ruwa har wuya, tana neman ruwa. Malam Yusha'u ya tafi da zanen ma.

5. Maganar aƙida ta riga yarinyar isa gida. Mahaifinta ya tsorata, ya hana ta zuwa makaranta. Yau kwana goma sha uku kujerarta ba kowa, kuma rajistar jarrabawar shiga sakandare za ta rufe ƙarshen wata.

Saboda haka ina roƙo a maido da hotunan da zanen, kuma ka rubuta wa Malam Sale layi biyu da hatiminka cewa ɗiyarsa ba ta yi laifi ba. Ni bai yarda da bakina ba, hatimi yake so. Ruwa kuwa ban roƙa ba, na san ba ofishinka ne ba.

Jiya na je lallashinta, na ce mata zanenta ba shi da muni. Ashe ta riga ni sani. Ta gane ba don ya yi muni aka ɗauke shi ba, don ya yi kama da gaskiya ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Maccido Mu'azu