Kantin Ƙarya a Abija

Zuwa ga yayana Hamidu, a Deule.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Iya da ciwon ƙafarta? Yaya Mardiyya da yara? Ni lafiya lau nan Abija, aikin magaza, wato babban kantin da nike aiki, yana tafiya, kada ku damu.

Sai dai masu magazar sun kawo wani wasa a ordinatar, wato kwamfuta. Sunka raba mu ƙungiya-ƙungiya, kowace da kantinta na ƙarya: mu sa farashi, mu ɗauki ma'aikata, mu sallama. Wai koyo ne kawai. In koyo ne, don mi shugaba ke tsayawa bayanmu yana saurare?

Da ribar kantinmu ta faɗi, abokaina sunka ce a kori mutum biyu. Na ce, "A rage farashin shinkafa masu saye su ƙaru, a bar mutane." Shugaba ya yi murmushi ya ce, "Nazifi, kana da tausayi." Ban ji yabo cikin muryarsa ba. Tun ranar an maida ni ɗaukar kwalaye.

Wataƙila zargina ne kawai. Iya ta sa ni cikin addu'a, amma kada ta ji wannan. Gonata kuma, Yaya, kada ka ba kowa aronta bana, ko zan dawo gida.

Ƙanenka,
Nazifi