Zogalar da Ta Raka Ki

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki kamar yadda na saba, ko da na san babu kwale-kwalen da ke kai saƙo inda kike. Ba za ki karanta ba. Ni ma ban san me ya sa nake gyara rubutuna ba.

Gida lafiya lau. Ruwa ya ja da baya, an fara dashen albasa a bakin tafki. Baba ya rame kaɗan, amma yana cin abinci. Yaya Lawal yana kai kifi Yelwa ranar kasuwa, shi ke sawo mini littattafan soyayyar nan da kike cewa za su cinye mini ido. Har yanzu da sauran idon.

Maganar zogalarki ce ta sa na ɗauki biro.

Ranar da aka kai ki, ƙasa duk ta jiƙe, an rasa dutsen da za a sa alama. Sai Yaya ya dawo gida da gudu ya sare reshe ɗaya a jikin zogalarki ta bayan madafa, ya kafa a wajen kanki. Cikin ruɗewa ya manta abin da kowace mace a garin nan ta sani, cewa ɗanyen reshen zogala ba ya zama sanda. Inna, ta tsira. Yaya ya ce har ta kai masa ƙirji, ganyenta shar.

Kowa ya ji sai ya yi kabbara. Ni kuwa na shige ɗaki.

Kishi nake yi, Inna. Na rubuta, kuma ban mutu ba. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, iyakata ƙofar gida, a nan na tsaya ina kallon bayan maza. Ita kuwa an ɗauke ta a kafaɗa an kai ta har wurinki. Tana can safe da rana. Idan an yi ruwa, tare kuke jin sa. Me ta fi ni da shi? Ni fa kika haifa.

Kuma ba yau na fara ba. Kullum da safe ita kike fara dubawa, ki zuba mata ruwan wankin kifi, ki shafa jikinta inda akuya ta gwaguya. Ni ina gindin katanga da littafi a buɗe, ba karatun nake ba, ke nake kallo. Sau nawa na so in taso in ɗora kaina a cinyarki, kunya ta hana ni? Ita ba ta taɓa roƙon komai ba, amma hannunki yana kanta.

Na san ta cancanta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa, ita ta riƙe gidan nan. Kwaɗonta da ƙuli muka yi ta ci har muka daina jin ɗacinsa. Masu jego na aiko yara da kwano, ba ki taɓa mayar da kowa haka nan ba. A tsige ta tas, kwana kaɗan ta sake fitowa kamar ba a yi ba. A littattafaina fure ake kai wa wadda ake so, ban taɓa karanta inda aka kai zogala ba. To wane furen ne ya taɓa ciyar da gida?

Amma ki gaya mini, me ya sa ita ake sare ta ta dawo, ke zazzaɓi ɗaya ya kwantar da ke shi ke nan?

Yanzu ga abin da ake ciki. Dattijon da ke kula da maƙabarta ya ce za a yi gayyar shara, kuma saiwa tana fasa kabari. Ko a tumɓuke ta, ko mu ɗauki alkawarin rage mata kai duk shekara. Baba ya ce a tambaye ni, tunda ni kaɗai ce ɗiyarki. Wallahi da Yaya ya zo mini da maganar, har na buɗe baki zan ce a cire ta. Na so ta ji yadda ake raba mutum da ke.

Sai na kasa. Idan aka cire ta, ba ni za a sa a wurin ba. Kawai za ki zauna ba kowa, ga ranar bazara tana tafe.

Na ce a bar ta. Na kuma roƙi Yaya kada ya ƙara gaya mini tsayinta.

Allah Ya kai haske kabarinki, Inna, Ya sa kin huta. Ki ɗan rage mini wuri kusa da ke.

Taki da aka bari a gida,
Balkisu