Gilashin Da Ke Ƙarƙashin Gadonmu

Ni Tova Norling, da hankalina ƙalau nake rubuta wannan, ba zazzaɓi, ba magagin barci. Zuwa gare ki 'yata Majken, da kai da ke cikina ka ƙi juyawa. Ranar Litinin za a yi mini aiki a ciro ka. Likita ta ce kada in damu, na kuma yarda da ita. Amma a littattafan soyayyar da na karanta, duk matar da ta tafi ba ta bar magana ba, rigima take bari.

Na ɗaya. Littattafaina na Majken ne, idan ta kai shekarun karanta su. Banda masu jan bango da ke kan taga, na maƙwabciyarmu Britt-Marie ne. A mayar mata haɗe da burodin kirfa, don na ɗiga wa ɗaya kofi.

Na biyu. Tsohuwar motarmu Volvo mai launin madara taku ce ku biyu, ba a sayarwa. A cikinta kakanku Sture ya ɗauko mahaifiyata ranar aurensu. A cikinta babanku Rasmus ya nemi aurena a bakin tafki, sauro na cizonsa yana ta daurewa.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Tun da tsakuwa daga motar katako ta tsaga gilashin gaban motarmu, kakanku da babanku suka samo wani za su saka. Ya fashe a hannunsu. Ina daga kicin na ji kakanku yana cewa, “Kai yaron birni, gilashi na ce ka danna, ba ƙullin burodi ba!” Babanku ya ce, “Tsoho, kai ka fizgi igiya kamar ka kamo kifi!” Daga ranar, gaisuwa ma sai ta bakina. Motar tana gareji an rufa mata tamfol, kyanwa ta mayar da kujerar direba gadonta.

Na nemo wani gilashin wurin wani dattijo can arewa. Yana ƙarƙashin gadonmu, naɗe da bargon aurena. Kada a kai wa bakanike. Su biyun nan za su saka shi, ba wani ba.

Na huɗu. Ga yadda ake yi, don ta tagar kicin na tsaya na kalla. A jiƙa robar bakin gilashi a ruwan ɗumi ta yi laushi. A zagaya igiya cikin kwarinta, a shafa sabulu. Mutum ɗaya yana ciki yana jan igiyar a hankali, ɗaya yana waje yana dannawa da tafin hannu, ba da dunƙule ba. Na ciki ba ya ganin abin da na waje ke gani. Dole ɗaya ya ce “tsaya”, ɗayan ya tsaya. Wancan karon dukansu suna magana, ba mai saurare. Ku riƙe wannan, 'ya'yana, zai yi muku amfani ko ba a gareji ba.

Na biyar. Majken, idan kin ga kakanki ya murtuke, ki ce masa har yanzu yana nan a mijinki, amma kin fasa in bai gaida babanki ba. Ba ya iya yi miki musu.

Zan bar takardar nan kan teburin kicin, kusa da tukunyar kofi, inda kakanku da babanku za su gani. Suna da Asabar da Lahadi. Idan na fito lafiya, a motar nake so a zo ɗaukata, su biyu a gaba, in ba haka ba ina nan zaune a asibiti da littafina har su shirya. Idan kuwa Allah ya yi nasa ikon, duk da haka a cikinta za a kawo ɗana gida.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya haɗa kanku. Kada ku bar gidan nan ya rabu a kan abin da sabulu da haƙuri za su gyara. Kai kuma ƙaramina, hanyar gidanku ta farko, ina so ka gan ta ta gilashin da ba tsaga.