Gangarowa da Inna

Beni, Lahadi.
Aikin farko yau: hawa bene da buhun shinkafa.

Zuwa ga Yaya Khim Maya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aikin asibiti, ya zafin Delhi? Mu nan ƙalau, shagon ɗinki yana tafiya.

An sa bikin 'yata Sarita ƙarshen watan gobe. Na hau ƙauyenmu da ke kan dutse na gaya wa Inna. Ta ce ko da gwiwoyinta sun mutu, sai ta sa wa jikarta albarka da hannunta. Na ce zan samo ɗan dako ya sauko da ita a kwando. Ta harare ni.

"Bayan wani ƙato? A bayana ka hau dutsen nan, kana tsula mini fitsari. Ko bayanka, ko a yi biki ba ni."

Yaya, kin san ni. Tun ina saurayi nake zaune gaban keke, ban ɗauki abin da ya fi almakashi nauyi ba. Amma na yi tsari. Kowace safiya ina sa buhu a kwando, in maƙala igiyar kwandon a goshi, in hau har rufin bene. Daga can in zuro buhun ƙasa da igiya, in sauko ina hutawa. Hawa ne wahala, saukowa kyauta ce. Ko ba haka ba? Wani lokaci ina shakka.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Dilman.

Delhi, Alhamis.

Dilman, tela sarkin tsari,

Ina gaishe ka, ina gaida amarya. Na karanta wa abokan aikina wasiƙarka a ɗakin gashin ƙashi, har wata ta ƙware da shayi. Kai sakarai, Inna a sama take! Ranar biki ita ma da igiya za ka zuro ta?

Buɗe kunne. Aiki uku tsoka take yi. In kana hawa, tsokar cinya tana tsukewa, ta gajarta, ta ɗaga ka. Wannan yana cin numfashi, shi ya sa kowa ke tsoronsa. Na biyu, ta ɗaure ta tsaya cak, kamar yadda wuyanka ke riƙe igiyar goshi. Na uku shi ne munafukin. In kana gangarowa, tsokar tana riƙe da nauyi alhali nauyin yana jan ta tana ƙara tsawo, kamar yadda hannunka ke sakin igiyar buhun nan sannu-sannu. Ba ka haki, sai ka ɗauka banza ce. Amma zaren tsokar yana ɗan tsinkewa a ciki, kamar sabon ɗinki da aka fizga. Wanda bai saba ba, rabin hanya gwiwarsa ta hau rawa, ta lanƙwashe. Ka tuna wa ke bayanka a lokacin.

Abin daɗin, tsoka tana da saurin koyo. Juya tsarin naka: jawo buhu sama da igiya, ka sauko da shi a baya. Fara da rabi. Ciwon ba a ranar zai kama ka sosai ba, sai jibi.

An hana ni hutu, don haka ka rubuto mini komai. Sai na ji daga gare ka.
Yayarka.

Beni, Talata.

Yaya, ina gaisuwa.

Jibi ya zo. Da baya-baya na sauko bene, ina dafa bango. Maƙwabcina Hira ya leƙo ya ce, "Baban amarya, haihuwa ka yi?" Na ɗauka na lalata ƙafafuna har abada, na ma rubuta haka a littafina. A mako na biyu ciwon ya ragu. Yanzu cikakken buhu nake saukowa da shi. Amma buhu ba ya motsi. In Inna ta juya fa?

Ki yi mini addu'a.
Dilman.

Beni, Litinin.

Yaya, gaisuwa da albishir.

Mun sauko! Da na ɗaga kwandon sai na ji Inna ba ta kai nauyin buhu ba. Na kama hanyar gangara. Ita kuwa bakinta bai huta ba: gonar wane ta lalace, wance ta yi ƙiba.

Gab da gadar igiya cinyoyina suka fara rawa. Na jingina kwandon a kan dakalin 'yan dako, na ce ina kallon kogi ne.

"Kalli kogin da kyau, ɗana," in ji ta. "Ni ma a nan nake kallonsa lokacin da nake goyonka."

Ranar biki ta shafa wa Sarita jar shinkafa ta albarka a goshi da hannunta. Da aka buga ganguna ta yi rawa daga zaune, da kafaɗu, ta fi kowa. Ni ma na taka, gwiwa lafiya lau.

Abu ɗaya ne. Ta ce kajinta suna jiran ta, ran Juma'a za ta koma. Ni kuma wata guda ke nan ban hau ko'ina da kaya ba.

Allah ya bar mu tare.
Ƙaninki, Dilman.

Ayyukan gobe:
Mayar wa Hira kujerunsa.
Wanke manyan tukwane.
Gyara igiyar kwando.
Hawa bene da buhu.