Ranar da Na Duba Gininka, Yaya

Zuwa ga yayana Mamman magini, a duk inda kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ne ƙanenka Sani, daga Arlit. Ba ka san garin ba. Lokacin da ka tafi fili ne da baƙaƙen duwatsu. A nan na tsufa, idona ya fara ƙin rubutu, shi ya sa nake so in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ka tuna shekarun da Anasara masu neman dutse suka cika Azbin, kafin mu samu mulkin kai. Suna son biro, wato ofis, da ɗakin likita a arewacin Agadas, kusa da rijiyar da makiyayan Gugaram suke shayar da raƙuma. Alhaji Agali ɗan kasuwa ya ce zai gina ya ba su haya, kuma kai ya kira. Ni a lokacin na bar hannunka, ina bin wani Anasara da ke duba gini kafin a shiga cikinsa, wanda muke ce wa Mai Guduma. Shi ke riƙe da takarda da igiyar awo, ni ke hawa soro, domin ni na san ƙasa da itace. Kai ka koya mini.

Kwana biyu muka yi a kamiyo, babbar motar kaya, kafin mu iso wurin ginin. Matarka Dije ce ta fara tarbarmu da ƙwaryar ruwa, cikinta ya yi nauyi. Tana dariya ta ce mini, "Sani, ka duba da sauri, a ɗakin likitan nan zan haihu."

Da biro muka fara, ɗaki uku. Na auna kaurin bango, na bi yaɓe da tafin hannu, na zuba ruwa a soro na ga indararo ya kwashe shi sarai. Ban samu komai ba. Aikinka ne, kowa ya gani ya sani.

Sai ɗakin likita. Ya fi sauran faɗi, don haka azarunsa dogaye ne. Na hau tsani ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai daga ciki suka amsa mini kamar ganga. Na soka wuƙa a ta tsakiya, gari ya zubo mini a fuska. Ƙwaro ya cinye cikinsu. Daga baya na ji Alhaji daga wani kango ya kwaso su, kai kuma ka yi magana sau ɗaya, ya ƙi, ka ɗora su haka.

Kana tsaye a bakin ƙofa. Da na sauko ka ja ni bayan ɗaki, ba ka roƙe ni ba. Cewa ka yi, "Za su kai shekara biyar. Kafin nan na canza su da hannuna."

Mai Guduma kalma ɗaya ya iya ta Hausa. Ya dube ni ya ce, "Lafiya?" Da na ce lafiya lau, da ya sa hannu mun hau mota. Sai na buɗe masa tafina, ya ga garin itacen.

Na roƙe shi ya ba ka wata biyu a kawo sababbin azara. Ta bakin tafinta ya ce likita da akwatunan magani ba za su jira gini ba, akwai inda ake nemansu. Biro suka karɓa, suka jera tebura da na'urorinsu. Ɗakin likita aka ja masa layi a takarda, likitan ya yi zamansa a Agadas.

Alhaji ya bi kasuwa yana cewa magininsa ya cuce shi. Daga nan ko katangar awaki ba wanda ya sake ba ka.

Naƙuda ta zo wa Dije a farkon damina. Ba ni nan, direban kamiyon ne ya ba ni labari. Kwana biyu tana fama, tsofaffin matan rijiya suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Ka ɗauke ta zuwa Agadas, kuka tarar kori, rafin da ke bushewa da rani, ya kawo ruwa daga duwatsu, ba halin ƙetarewa. A bakin ruwan ta cika da rana tsaka, da ita da abin da ke cikinta. Direban ya ce da shebur ɗin mota ka haƙa mata kabari, ka hana kowa ya karɓe ka.

Da na zo ta'aziyya ka ba ni hannu kamar yadda ka ba kowa. Ka ce, "Ka yi aikinka, Sani." Ban sake jin muryarka ba. Bayan arba'in ka bi ayari zuwa arewa. Wani ya ce ya gan ka kana kwaɓa ƙasa a Tamanrasat, wani ya ce ba kai ba ne.

Rufin ɗakin likitan ya faɗi, Yaya. A damina ta huɗu ya rufta a kan buhunan hatsin Alhaji da tumaki biyu. Mutane suka yi ta cewa Sani yana da ido, aka ƙara mini girma a wurin aiki. Ranar da labarin ya iso ban iya cin abinci ba. Damina uku ɗakin ya yi yana tsaye, Dije kuwa damina ɗaya take buƙata.

Na san abin da za a ce mini. Da likita yana ciki, da a kan marasa lafiya zai faɗo. Wataƙila kuma da ka canza azarun yadda ka ce, don ban taɓa jin ka yi alkawarin gini ka saɓa ba. Shekara da shekaru ina juya maganar nan, ba ta zauna mini ba.

Ga abin da na ɓoye. Lokacin da na buɗe tafina, ba marasa lafiya kaɗai na tuna ba. Akwai wani ɗan daɗi a ƙirjina. Kai da kake ce mini yaron Anasara, kai da ba a taɓa kushe aikinka ba, yau ni na gano maka aibu. Daɗin bai fi numfashi ɗaya ba, amma ya zo, kuma na san ya zo.

Na duba gine-gine da yawa bayan haka, biro da shaguna da ɗakunan likita a garin nan. Ban taɓa ɓoye aibu ba, kuma ban sake jin wannan daɗin ba.

Yayana, idan kana raye, ba na roƙon ka dawo. Ka aiko ko da baki cewa ka ji. Idan kuma ka riga ni, Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haɗa ka da Dije da ɗan da ba ka sa wa suna ba. Allah ya karɓi gaskiyar da na faɗa ranar nan, ya yafe mini zuciyar da na faɗe ta da ita. Amin.

Ƙanenka da ka koya wa riƙe tsani,
Sani