Ranar da Hadiza ta ga gulbi yana tafiya

Zuwa ga Yaya Isuhu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina gida, ina Inna da ƙafarta? Mu nan Lyon lafiya lau.

Albishirinka! Ɗiyarka Hadiza ta ci jarrabawar Ingilishin da ta kai ta Paris, wadda in ta faɗi za a yanke mata tallafin karatu.

Da muke shirin jarrabawar, kalma guda ta Ingilishi ta ba mu wuya, flowing, wato ruwa yana gudana da kansa. Kullum sai ta fassara ta da zubawa. Na ce, "Ke Hadiza, wa ya zuba shi?" Ta ce, "Gwaggo, a Damagaram ruwa yana motsi ne in ba a zuba shi ba?" Na yi dariya, na ja ta muka hau gada bisa gulbin Rhône. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe babu mai tura shi!"

Ranar jarrabawa aka ce ta kwatanta gulbin Paris. Ta ce bakinta bai tsaya ba sai da malamin da ke yi mata jarrabawar ya ɗaga hannu ya dakatar da ita.

A ci gaba da yi mana addu'a. Ka gaida Inna da yara.

Ƙanwarka,
Rabi